Jijiyar zuciya ta toshe, me ya sa likita ke neman wani hoto kuma?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce an gano jijiyar zuciyarsa ɗaya ta toshe gaba ɗaya, amma likita a Yamai ya ce sai an ƙara hoton sikana, ku kuwa daga Maradi kuna ganin ɓata kuɗi ne.

Ba ɓata kuɗi ba ne. Toshewar da ta kai wata 3 takan taurare, jini kuma ya nemi ƙananan hanyoyi ya kewaye. Sikana ta CT ke nuna tsawon toshewar, ko ta wuce milimita 20, ko kalsiyam ya daskare a ciki, ko jijiyar ta karkace. Da wannan likita zai san ko siririyar waya za ta ratsa a sa stent (ɗan bututun raga da ke riƙe jijiya a buɗe), ko sai tiyatar dasa wata jijiya.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne naman zuciyar da jijiyar ke ciyarwa. Wani hoton da ake kira MRI na nuna tabo a wannan naman. In tabon ya ci fiye da rabin kaurin bangon zuciyar, da wuya buɗewa ta farfaɗo da wurin, wani lokaci magani kaɗai ake ci gaba da shi.

Kafin a zuba ruwan hoto (ruwan da ke sa jijiya ta fito fili a hoto) a jijiya a auna ƙoda, musamman in Baba yana da ciwon sukari. Kada ya daina asfirin ko maganin hawan jini da kansa. In ƙirji ya kama ciwo yana zaune, ku tafi asibiti nan take, kada ku jira ranar da aka ba ku.