HUKUNCIN RUBUTA WA KAYA "BA YA ƁATA MUHALLI" ALHALI ƘARYA NE

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ina aikin talla a wani kamfani, oga ya ce mu rubuta a jikin ledar kayanmu wai tana ruɓewa a ƙasa, kuma wallahi ledar da kowa ya sani ce. Ya hukuncin aikina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa wannan algus ne, kuma haramun ne. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da ni, Muslim ne ya ruwaito. Naku ma ya fi kama da tasriya, wato a ƙi tatsar dabba kwana da kwanaki har hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce, shari'a ta hana, ta kuma ba shi damar mayar da ita.

Yanzu mutane sun damu da makomar duniya, har wani yana ƙara kuɗi don ya sayi abin da ba ya cutarwa, to damuwar nan tasu ce kamfanoni ke ci da ita. Haka Volkswagen suka yi, a 2015 aka gano a Amurka sun sa wa motocin dizal wata manhaja mai rage hayaƙi lokacin gwaji kawai, mota kusan miliyan 11 a duniya. Ledar taku kuwa ita ce za ta toshe kwata da damina ruwa ya shiga gidajen mutane, ita ce mahauta ke cirowa a dunƙule daga tumbin akuya, wannan yana cikin ɓarnar da aya ta 41 a Suratur Rum take magana a kai, kuma abin yana min ciwo sosai.

Da ce muku aka yi ku rubuta "za mu canza leda nan gaba" kuma da gaske ana shiri, ba laifi, alƙawari ne sai a cika shi. In tun farko ba niyyar cikawa, ya shiga alamomin munafunci.

Don haka kar ka rubuta, umarnin oga ba uzuri ba ne. Ka same shi cikin ladabi ka kawo masa kalmar gaskiya da za a sa a madadinta. Sauran aikinka na halal albashinsa halal ne, amma in ya kafe sai ka yi ƙaryar, ka fara neman wani aikin tun yanzu. Wallahu a'alam.