Sigari da tsawon rai: shin hujjar Japan ta tsaya, kuma madara tana wanke huhu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya daɗe yana shan sigari, yanzu kuma tari yana hana shi barci. Idan na yi masa magana sai ya ce mutanen Japan sun fi mu shan taba amma sun fi mu tsawon rai, kuma shi kullum yana shan madara don wanke huhunsa. Hankalina ya tashi. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata 'yar'uwa a Jega.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba shi lafiya. Alƙaluman da maigidanki ya ji gaskiya ne, fassarar da ya yi musu ce ba daidai ba. Matsakaicin tsawon rai a Japan ya kai kimanin shekara 84, namu a Najeriya bai kai 60 ba, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazan Japan suna shan sigari, mu kuwa binciken shekarar 2012 ya sami kimanin maza 7 ne cikin 100. Sai dai wannan lissafi daga ranar haihuwa ake fara shi, don haka mutuwar ƙananan yara ce take ja da namu ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Kebbi yara 252 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ciwon huhu da tamowa. Japanawa sun tsallake waɗannan, amma taba ba ta ƙyale su ba: a shekarun 1960 fiye da kashi 80 cikin 100 na mazansu suna sha, zuwa shekarun 1990 sankarar huhu ta zama kan gaba cikin sankarorin da ke kashe mazan ƙasar.

Kwatancin da ya dace shi ne tsakanin mutanen da rayuwarsu ɗaya. A Birtaniya, masu bincike Richard Doll da Bradford Hill sun fara bin likitoci sama da 34,000 tun 1951, bayan shekara 50 aka ga masu shan sigari suna rasuwa kimanin shekara 10 kafin takwarorinsu marasa sha. Wanda ya daina yana ɗan shekara 40 ya ceto kusan tara daga ciki, ɗan shekara 50 kuma kusan shida.

Maganar madarar ce ta fi damuna, domin kusan kullum ina jin ta a ɗakin duba marasa lafiya. Hanyar abinci daban, hanyar numfashi daban. Madara ciki take sauka, hayaƙi kuwa huhu yake shiga, da zarar sun wuce maƙogwaro babu inda suke haɗuwa balle ɗaya ya wanke ɗaya. Laushin da mutum yake ji a maƙogwaro bayan ya sha, nan ya tsaya. Ƙananan jakunkunan iskar da hayaƙi ya fasa a huhu ba sa sake tsirowa, jijiyoyin jinin da ya ƙuntata kuma madara ba ta buɗe su. Mafi muni, wannan imani shi ne yake ba mutum ƙwarin gwiwar ƙara kunna wani karan, yana ganin ai yana da abin kariya. Ga kuma masu lasifika a bakin kasuwa suna tallar jiƙo a gorar roba da sunan wankin huhu. Mutum ya sha ya yi ta amai da gudawa, a ce masa dattin taba ne yake fita. Wallahi ba datti ba ne, ruwan jikinsa ne yake ƙarewa, ƙodarsa kuma tana wahala. Da yawansu sai tari ya fara fitowa da jini, wando ya daina zama a ƙugu, sannan ake kawo mana su. Abin takaici, dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara da sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, amma a kan tebur ɗaya za ki ga ana yin duka biyun babu mai tsawatawa.

Malama, tarin da ya wuce mako biyu ba na jira ba ne. Ki lallaɓa shi, ko ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, ya je asibiti a gwada majinarsa, domin gwajin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, a kuma auna hawan jininsa. Kafin nan kada ya sha a ɗaki ko kusa da yara, don hayaƙin da yake fesowa ku ma kuna shaƙarsa.