Na ba maigidana lemo, surukata ta ce na so kashe shi

Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara raina a ɓace yake. Maigidana yana da ciwon suga, yana shan ƙwayar maganin suga mai suna glibenclamide. Ran Alhamis yana azumin nafila, wajen la'asar sai na ga gumi na keto masa, hannu na rawa, ina masa magana yana min tsawa abin da ba halinsa ba. Na buɗe lemon kwalba na ba shi, can ya dawo hayyacinsa. To Hajiya ta ji labari ta hau ni da faɗa, wai mai suga ake ba zaƙi, ai shuwaka ya kamata in jiƙa masa, ga shi na karya masa azumi. Har yau ba ta amsa gaisuwata. Laifi na yi?

Wata baiwar Allah daga Gusau

Wa alaikis salam ƙanwata. Wallahi daidai kika yi. Suga ba hawa kawai yake ba yana sauka ma, kuma saukar ta fi saurin kayar da mutum, musamman mai shan wannan magani ko allurar insulin bai ci abinci ba. Shuwaka ba ta da amfani a nan.

Ki ajiye na'urar gwajin suga a gida. In gwajin ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, ko babu na'urar amma ga alamun, matuƙar yana farke yana iya haɗiya ki ba shi giram 15 na zaƙi, wato rabin kofin lemo mai suga, ba zero marar suga ba, ko cokalin cin abinci ɗaya na zuma ko suga a ruwa. Banda cakulan, maiƙon cikinsa na sa shi jinkiri. Bayan minti 15 ki sake gwadawa, in bai hau ba ki ƙara. Da ya farfaɗo ki ba shi abinci mai riƙe ciki, burodi ko tuwo, don glibenclamide na daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa bayan awanni, ki sa masa ido.

Amma in ya suma kar ki ɗura masa komai a baki zai shaƙe, ki kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti.

Kar ya sake ɗaukar azumi sai ya ga likitansa, wataƙila a rage maganin ko a canza. Hajiya kuwa tsoro ne ya sa ta, ɗanta ne, kar ki ja da ita. Ku tafi da ita ranar ganin likita ta ji da kunnenta.