Kyamarar ɗaukar biki da laftof ɗin editin: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bikin ƙanwata saura wata biyu, ina so ni da kaina in ɗauki bidiyon tun daga kamu har kai amarya, in haɗa shi a gida. Na kwashi adashe, wani mai shago ya nuna min kyamara an rubuta 4K da 48MP a kwalinta, ya ce zai ƙara min memori 512GB kyauta, sai laftof Core i7. Wallahi tsoro nake ji kar in zuba kuɗina abin ya ba ni kunya ranar biki.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsoronka a kan hanya yake, don Allah kar ka biya tukuna.

Kullum sai na yi fama da mutane a kan abu ɗaya, an ɗauka babbar lamba ita ce inganci, kuma masu jabu sun gane haka shi ya sa suke buga ta ɓaro-ɓaro a kwali. Hoton 4K na gaskiya 3840 ne sau 2160, wato megafiksel 8 da ɗoriya, to 48 ɗin nan me zai yi maka a bidiyo? Irin waɗannan kyamarori marasa suna ƙaramar sensa (ɓangaren da ke kama haske) ce a ciki, sai manhaja ta ja hoton ta kumbura shi a kira shi 4K, da rana a tsakar gida za ka ga kamar abin arziki, amma shiga ɗakin amarya bayan magariba da ƙwan fitila ɗaya ka ga yadda fuskoki ke komawa kamar an watsa musu yashi. Zum ɗin ma na bogi ne, yanka hoton kawai yake yi. Nemi wadda gilashinta ne ke tafiya da kansa. Gara ka sayi Sony Handycam ko Canon ko Panasonic ta hannu mai 1080 ta gaskiya, ai dangi ma a WhatsApp za su kalla.

Memorin kyautar nan kuwa shi ya fi tayar min da hankali. Wani dattijo ya taɓa kawo min kati na bikin 'yarsa a naɗe cikin takarda, muka saka a kwamfuta ga sunayen fayil duk sun jeru har da girmansu, na safe suka buɗe, daga ɗaurin aure zuwa dare babu ko ɗaya. Katin 16GB ne aka yi masa dabara yake nuna babba, da ya cika sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa. Bawan Allah ya zauna shiru yana juya hularsa a hannu, ya ce in ƙara gwadawa, na gwada har sau uku ina sane babu abin da zai dawo, don abin da ba a rubuta ba ba manhajar da za ta fito da shi, duk wanda ya ce maka zai iya kuɗinka yake so. Har yau abin yana ci min rai. Sayi kati 64GB guda biyu ko uku masu alamar V30 (alamar saurin rubuta bidiyo a kati), kuma kafin biki ka cika kowanne da manhajar gwajin kati H2testw, kyauta ce, za ta tona asirinsa.

Haka i7, wato sunan furosesa, ƙwaƙwalwar laftof ɗin. Duba lambar da ke bin bayanta. i7-2620M ta 2011 ce, i5-8250U ta 2017 ta fi ta nesa ba kusa ba. Ka tsaya daga janareshan na 8 (masu lamba da ta fara da 8, kamar 8250U) zuwa sama, wanda ma shi ne Windows 11 ke karɓa, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoba 2025. Ram 16GB, SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri) dole, kuma batiri mai rai saboda wutarmu ka san halinta. Manhajar editin kuwa, CapCut ko Shotcut sun ishe ka, DaVinci Resolve tana son inji mai ƙarfi. Ka ware kuɗin had dis na waje, ka kwafe bidiyon wuri biyu a daren ranar.

Abu ɗaya da ake mantawa, wutarmu 50Hz ce, kyamarar da aka yi don Amurka tana ɗaukar hoto 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, sai ka ga hoto yana kyafta-kyafta a ƙarƙashin fitila. Shiga menu a gaban mai shagon ka tabbatar akwai 25 ko 50, ka ɗauki minti 10 a lungun shago mai duhu, ka zuba a laftof ɗin ka ga ko zai ja ba tare da tsayawa ba. In ya hana ka gwadawa, ɗauki kuɗinka ka yi gaba. Allah ya sanya alheri a auren.