Tambaya da Amsa: Faifan ne ya mutu, ko katin ne ke jin jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗaukar bidiyon biki a Zariya. Na haɗa wata tsohuwar kwamfuta mai Linux da faifan ajiya shida, duk a jikin katin haɗa faifai da kwamfuta, ɗan gwanjo, LSI 9211-8i. Da zarar na fara kwafar manyan bidiyo, musamman da rana tsaka, sai komai ya tsaya cik na kusan rabin minti, sannan in ga saƙon "task abort". Yau wannan faifai, gobe wancan. Na sayi sabo guda ɗaya, amma ba ta sauya zani ba. In yar da katin ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Da faifai ɗaya ne ke ta kawo ƙara, da na ce shi ne mai laifi. Tunda yau wannan gobe wancan, abin da ya haɗa su za a tuhuma: kati, waya, ko wuta. Rabin mintin nan ma da dalili. Linux kan jira faifai daƙiƙa 30 ya amsa, in shiru ta yi yawa sai ya soke umarnin. Kafin ka taɓa komai dai, kwafe bidiyon mutane zuwa wani wuri, don amarya ba za ta saurari labarin kati ba.

"Rana tsaka" da ka ambata ita ta fi ɗaukar hankalina. An ƙera katin nan ne domin manyan kwamfutocin ofis masu fankoki da ke hura iska ba dare ba rana. Shi ba shi da fanka, sai ɗan ƙarfe mai tsaga-tsaga a kan ƙwaƙwalwarsa, SAS2008. A akwatin gida iska ba ta kai masa. Bara cikin bazara wani ya kawo mini irin wannan matsala, na ɗora yatsa a kan ƙarfen, ba shiri na janye kamar na taɓa murfin tukunya. Ƙurar hunturu ta toshe tsagogin, man janye zafi da ke ƙarƙashi kuma ya bushe ya koma kamar alli. Na share, na shafa sabon mai, na ɗaura ƙaramar fanka mai milimita 40, shi ke nan. Gwajin ba ya cin ko sisi: buɗe murfin akwatin, juya masa fankar tebur, ka yi kwafin nan da azahar.

In zafi bai amsa laifi ba, koma kan waya. Kowace wayar SFF-8087, wato mai haɗa katin da faifai, faifai huɗu take ɗauka, saboda haka duba ko masu kukan duk 'yan waya ɗaya ne. Buga umarnin duba lafiyar faifai, smartctl -a, a kan kowane faifai, ka rubuta adadin da ke layi mai lamba 199, wanda ke ƙirga kurakuran da ake samu a kan waya. Ba ya komawa sifili, don haka ƙaruwarsa za ka lura da ita. In yana hawa, sauya wayar. Haka wayar wuta: kada ka rataya faifai shida a reshe ɗaya.

Sai manhajar cikin katin. Umarnin sas2flash -list zai nuna maka lambarta. Fitowar farko ta samfurin manhajar da ake kira P20 ta wahalar da mutane da irin wannan kuskure. Wadda aka fi natsuwa da ita ita ce 20.00.07.00. Roƙona ɗaya, kada ka sabunta ta sai da batirin ko-ta-kwana a jone, domin in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, katin na iya tafiya ke nan.

Faifan da ka cire kuwa, kada ka yar. Duba layi mai lamba 5 da mai lamba 197 a sakamakon smartctl -a, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan. In duk sifili ne, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, mayar da shi bakin aiki. In akwai adadi a 197, faifan gida yakan daɗe yana kokawa da wurin da ya lalace har ya wuce daƙiƙa 30. Umarnin smartctl -l scterc,70,70 yana taƙaita masa zuwa daƙiƙa 7, in irin mai karɓa ne, kuma yawanci sai an maimaita shi duk lokacin da aka kunna kwamfutar.