Kanti ya ce sai ta EDI zai riƙa turo min oda, ta ina zan fara?

Tambaya: Ina ƙulla shinkafa da man gyaɗa a Kano, ina kai wa wani babban kanti mai rassa a Abuja da Legas. Sun sanar da ni cewa za su daina turo oda ta waya da WhatsApp, sai ta EDI. Wani ya kawo min tallar manhaja mai tsada, ya ce ba makawa sai da ita. In saya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da ake kira EDI shi ne kwamfutar kanti ta aika oda kai tsaye zuwa taka, a tsarin da dukansu suka gane, ba sai wani ya zauna ya sake bugawa da hannu ba. Hoton rasit da aka tura ta imel ba ya cikin wannan lissafi, don sai mutum ya karanta shi.

Tsare-tsaren da suka fi yaɗuwa biyu ne. Akwai X12 na Amurka, wanda aka kafa kwamitinsa a 1979, inda oda take da lamba 850, sanarwar tasowar kaya 856, takardar neman biya 810. Akwai kuma EDIFACT na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda Turai ta fi amfani da shi. Ba sai ka haddace su ba, domin mai saye ne ke zaɓa. Shi ya sa sayen manhaja kafin ka ji daga bakin kantin tamkar ɗinka riga ne ba a auna mai ita ba. Ka rubuta musu su turo maka ƙa'idojinsu a rubuce: wane tsari suke bi, waɗanne takardu suke so, ta wace hanya za a haɗa, wa zai biya kuɗin haɗin. Ka tambaya musamman ko suna da shafin intanet na masu kawo musu kaya. Manyan kamfanoni da dama suna tanadar irinsa don ƙananan 'yan kasuwa: ka shiga, ka ga oda, ka amsa, ka cike takardar neman biya, shafin ya juya ta zuwa tsarin EDI da kansa. In odarka ba ta wuce 'yan ƙalilan a mako ba, wannan ya ishe ka.

Aikin gaske yana cikin sitonka. Kai da yaranka kun san abin da ake nufi da "babban buhu" ko "ƙaramin galan", kwamfuta kuwa lamba kawai ta sani. Kowane kaya, kowane girma, sai ya samu lambarsa: buhu mai kilo 25 daban, mai kilo 50 daban, kwalba ɗaya daban, katan ɗinta daban. Irin lambar nan mai alƙaluma 13 da ke ƙarƙashin zanen layukan da ake haskawa a kanti, a wurin GS1 Nigeria, ƙungiyar da ke ba da lambobin kaya, ake yin rajistarta, kuma waɗanda suke bayarwa da 615 suke farawa. Kar ka yarda wani ya ƙirƙira maka lamba a shagon buga takardu. Tana iya cin karo da ta kayan wani.

Ka kula sosai da ma'auni. In oda ta ce 40, kwalba ake nufi ko katan? Ku daidaita wannan da farashin kowane kaya tun kafin a fara, kuma duk ranar da farashi zai canja, a gyara shi a ɓangarensu kafin ka yi lodi. Dalili shi ne na'urarsu tana gwada abu uku: odar da suka bayar, kayan da sitonsu ya karɓa, da takardarka ta neman biya. In ɗaya ya saɓa, sai ta riƙe kuɗin. A da kana iya kiran manaja ku sasanta a waya. Yanzu sai an gyara takarda, kuma mai juya jari a kan shinkafa ya san illar kuɗi su maƙale mako biyu.

Ka karanta yarjejeniyar da kyau, ko akwai tara in kaya sun makara ko sun zo ba cikakku ba. Ka kuma ware mutum ɗaya amintacce da zai riƙa duba shafin kowace safiya, da layin waya na biyu saboda ranar da sabis zai ɗauke.

Ko ba don wannan kanti ba, gyaran zai yi maka amfani. A 2025 hukumar tara haraji ta tarayya ta fara tsarin rasit na lantarki da manyan kamfanoni, kuma su ne za su riƙa matsa wa masu kawo musu kaya su tsabtace takardunsu.

Ka nemi su ba ka lokacin gwaji, oda tana zuwa ta sabuwar hanya da tsohuwar a tare, har a biya ka sau biyu ko uku ba tangarɗa. Maganar manhaja kuwa, ka bar ta sai ranar da kantuna irin wannan suka kai uku ko huɗu, cike shafukansu ya fara cinye wa yaronka yini. A nan ne za ka ɗora kuɗinta na wata a kan ribar da kake samu daga gare su, ka ga ko za ta biya kanta.