Kafin ka tsaya ƙarƙashin ƙugiya

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ejan ya yi maka alkawarin aiki a nan Katar, wai da ka sauka za a ɗora ka kan motar ƙugiya mai ɗaga kaya masu nauyi tunda ka iya tuƙa tifa, kana tambaya ko aikin na da haɗari.

Gaskiya ɗaya ce, babu kamfanin kirki da zai ba baƙo ƙugiya ba tare da takardar shaidar horo ba. A ƙasa za ka fara, kana ɗaure kaya da sarƙa, kana riƙe igiyar da ke hana su juyawa. Kuma na ƙasan nan shi ya fi shiga uku, don direba yana cikin akwatinsa na ƙarfe.

Da idona na ga wani abokin aikinmu ya sa hannu zai gyara zaman sarƙa a jikin bututu, direba kuwa ya ɗauka an ba shi alama, ya ɗaga. Ko ihu bai samu yi ba. Da aka zare masa safar hannu, yatsu biyu sun tafi. Mutum biyu ne ke ta ɗaga wa direban hannu a ranar, alhali ƙa'ida mutum ɗaya tak ke ba da alama. "Tsaya" kaɗai ce kowa ke da ikon cewa, har kai sabon zuwa, kuma don Allah ka faɗe ta ko shugaban aiki zai ɓata rai.

Kar lambar jikin mota ta ruɗe ka. Wadda aka rubuta wa tan 50, sai kaya na dab da ita take ɗaukar hakan. Tana miƙa hannu nesa ƙarfinta ke zubewa. In ƙafafunta na tokare suka hau ƙasa mai laushi ba a shimfiɗa katako ba, kifewa take yi. Iska ma haka, ka dai tuna ƙugiyar da ta faɗo a Harami ranar 11 ga Satumba 2015, mutum fiye da 100 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. In kuwa hannun motar ya taɓa wayar lantarki, mai riƙe da kaya a ƙasa wuta ke bi.

Daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana tsakanin 10 na safe da 3:30 na yamma. Wanda zafi ya jigata ba ya lura da katafila na ja da baya.

Kafin ka ba ejan ko sisi, ka karɓi takardar kwantiragi, ka duba sunan aikin da aka rubuta da abin da ta ce game da jinya in an ji rauni. Ɗauki hotonta ka turo min mu karanta tare.